Muryar Konsatinar Delia

Ranar kasuwar shanu ce Malachy Culligan ya shigo shagona a Kilrush, rungume da wani abu cikin buhun abincin maruƙa. Shagon nawa ɗakin baya ne na gidanmu, inda mahaifina ya daɗe yana gyaran konsatina da akodiyon, kayan kiɗan nan masu zugazugi da ake matsawa da hannu, kafin hannunsa ya fara rawa ya bar mini aikin. Malachy ya tsaya a bakin ƙofa yana goge takalmi, ruwa na ɗiga daga hularsa.

Ya ce, "Ke ce Dympna, 'yar Considine? Lallai kin girma."

Na ce, "Na kusa sittin fa, Malachy. Shigo ka rufe ƙofa, kana kwaso mini sanyi."

Manomi ne daga wajen Kilmihil, ya haura tamanin, dogo, mai manyan hannuwa. Matarsa Delia ta rasu bara waccan. Na san ta a ido, muna gaisawa a ƙofar coci in an yi jana'iza, amma ban taɓa jin kiɗanta ba. Mahaifina ne ya taɓa ce mini ba a yi mace mai laushin hannu kamarta ba a yankin nan, sai dai ba ta fitowa.

Ya zaro akwati mai kusurwa shida daga buhun ya ajiye a kan teburina a hankali.

"Ta Delia ce. Tana kan kabad tun da ta tafi, danshi na cin ta. 'Yata Bernadette ta dame ni daga Ostareliya, wai in kai a duba, wai ta ga irinta a waya ana sayarwa kuɗin mota. Ni dai abu uku nake so ki gaya mini: wa ya ƙera ta, yaushe, kuma nawa za ta yi."

"Sayarwa za ka yi?"

"To me zan yi da ita? Ni kunnena kukan saniya kawai yake rabewa. In an kaɗa mini taken ƙasa ma, sai na ga mutane sun miƙe nake ganewa."

Na ɗora buta a wuta, na nuna masa kujera, sannan na buɗe akwatin. Warin tsohuwar fata da hayaƙin murhu ya taso. Da ganin farko na san ba irin masu arahar nan ba ce da aka riƙa kawowa daga Jamus, waɗanda kakanninmu ke saya da kuɗin ƙwai su kashe a rawar damina ɗaya. Fuskokinta biyu na farin ƙarfe ne, an huda su da zane kamar reshen inabi. Maɓallanta talatin na ƙashi ne, sun yi rawaya, wasu sun lotsa daidai inda yatsa ke sauka. Zugazugin da ke tsakiya baƙar fata ce da zanen ruwan zinare wanda ya kusa gogewa. Na juya ta ta ko'ina ina neman suna. Babu.

Malachy ya ce, "Bernadette ta ce wai a duba ko ƙirar gidan Jeffries ce."

"Kowa da ya tsinci konsatina a kan kabad Jeffries yake fata, don ita ce mai tsada. Da ita ce, da an buga sunan nan, tsakanin maɓallai. Ka gani? Wayam."

"Shi ke nan, ba ta da uba."

"Tana da shi. Ka bari in shiga ciki tukuna."

Na kwance kusoshin gefe ɗaya bayan ɗaya, ina soka su a jikin kwali bisa jerin da suka fito, domin kowace da raminta. Na ɗaga fuskar dama. Asu ya yi ɓarna a 'yan matasan fatar da ke toshe ramukan iska, amma sauran aikin tsaf yake. Na nuna masa 'yan sandunan tagulla da ke ɗaga matasan.

"Dubi yadda aka ɗaure kowace da ƙusa a gindinta. Na gidan Lachenal, waɗanda suka fi yawa a ƙasar nan, maƙala su ake yi a ƙugiya. To ba tasu ba ce."

Ya sunkuyo ya leƙa, kamar mai duba bakin saniyar da ba shi da niyyar saya. Na zare farantin katakon da harsunan ƙarfe ke jere a kai, waɗanda iska ke kaɗawa su ba da sauti. Harsunan ƙarfe ne mai kyau, tsatsa kaɗan a biyu ko uku. A gefen katakon an buga lamba huɗu ƙanana. Su nake nema.

"Gidan Crabb ne, a London. Aikinsu da na Jeffries a wancan zamani kamar tagwaye suke, sai dai su suna buga lamba a ciki, kuma sau da yawa ba sa sa suna a waje, don mai shago ya sa nasa. Da wannan lamba da irin maɓallan nan, zan ce ƙarshen ƙarni na goma sha tara. Shekara ɗari da ashirin da wani abu. Ba zan rantse maka a kan shekara guda ba."

Ya ce, "Ta girme ni ke nan. Kakar Delia ce ta samo ta wajen wani ɗan'uwansu matuƙin jirgin ruwa. Haka dai suke faɗa."

"Zai yiwu. Lokacin ya yi daidai."

Na mayar da komai, na liƙe wata 'yar ɓula a kusurwar zugazugin da fata, na zuba mana shayi. Sannan na sa hannuwana cikin maɗauran na ja. Iska na zurarewa ta ko'ina, duk da haka muryar da ta fito ta sa na manta da shayina: kaifi gare ta da zaƙi, ta cika ɗakin nan ba tare da na matsa ba. Amma kunnena ya ji wani abu. Na kunna 'yar na'urar auna sauti na danna maɓalli ɗaya. Allurar ta haura can dama ta tsaya.

Na ce, "To, ga maganar kuɗi. Farashi biyu ne. A yadda take, Yuro dubu uku, wataƙila da ɗan ƙari. In na gyara ta na sauke mata murya, za ta kai dubu biyar."

"Sauke murya kamar yaya? Ihu take yi?"

"Tsohon ɗauri gare ta. A zamanin da aka ƙera ta, kayan kiɗa a Ingila muryarsu ta fi ta yanzu tsayi kaɗan. Daga baya aka haɗu a kan ma'auni ɗaya, aka yi ta kai tsofaffin ana goge musu harsuna da magagari har su sauko. Wannan ba wanda ya taɓa ta. Yadda ta fito daga London haka take."

"Wannan ai abin kirki ne."

"Ga mai tara kayan tarihi, i. Ga makaɗi kuwa, ba zai iya zama da ita cikin mutane ba."

Ya dube ni bai gane ba. Na sauko da tawa konsatinar daga kanta, na sa masa ita a gwiwa, na ɗora babban yatsansa a kan maɓalli ɗaya na ce ya danna ya ja a hankali. Ni kuma na danna irinsa a ta Delia. Sautukan biyu suka haɗu suna karo, suna wata irin rawa mai sa haƙori tsami. Malachy ya yamutsa fuska ya saki.

"Kai! Kamar kyanwa biyu a kan katanga."

"Ka ga har kai ka ji."

Ya zuba wa konsatinar ido. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Can ya ce, "Wato in ta shiga cikin masu kiɗa, haka za a ji?"

"Haka. Mai goge zai iya ɗaure tsirkiyarsa ya bi ta. Amma in an taru mutum takwas, ga akodiyon ga sarewa, ba wanda zai canza saboda mutum ɗaya. Akodiyon ma ba ya canzuwa."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Ba ta taɓa yin kiɗa a taro ba. Biki, suna, mashayar Kilmihil ranar Lahadi, ko'ina sai ta bar ta a gida. Na tambaye ta sau ɗaya, farkon aurenmu, ta ce, 'Ba ta jituwa da nasu.' Na ɗauka kunya ce take ɓoyewa." Ya juya hular. "Da mutum ɗaya kawai take yi. Senan Frawley, maƙwabcinmu, mai sarewa."

Na yanka masa burodi na shafa man shanu na tura gabansa.

Ya ba ni labarin a gutsure, yana kallon taga. Duk Lahadi bayan an taso daga coci an ci abinci, Senan zai tsallako gona da sarewarsa a aljihun kwat, su zauna a kicin shi da Delia su yi ta kiɗa har lokacin tatsar yamma. Senan bai taɓa aure ba. Malachy bai taɓa ganin wani abu ba, bai kuma taɓa zarginta da baki ba. Amma tambayar ta zauna masa a ƙirji: matar da ta ƙi kiɗa da kowa a duniya, me ya sa sai da wannan? Ya fara fita garke da zarar ya hango Senan. Daga baya wata rana saniyar Senan ta karya shinge ta shiga masa ciyawa, ya same shi a bakin ƙofa ya gaya masa maganar da ta fi ƙarfin shinge. Senan bai sake zuwa ba. Fiye da shekara talatin ke nan, gaisuwarsu ɗaga yatsa ce daga kan sitiyari. Delia ta ci gaba da kiɗanta ita kaɗai a kicin.

Ya ce, "Sarewar tasa fa? Ita ta yaya ta jitu da wannan?"

"Ban sani ba, ban taɓa riƙe ta ba. Akwai tsofaffin sarewa masu irin wannan murya. Amma sai na ji da kunnena."

Ya mayar da hularsa. "Gyara abin da asu ya ci. Kada ki taɓa harsunan."

Na sake matasan, na sa sababbin fatu inda suka nannaɗe, na share tsatsar ba tare da na ci ƙarfen ba. Da na gama na buga masa waya, ya ce in kawo ta da kaina ranar Lahadi da rana, akwai inda za mu je.

Gidan Senan ƙarami ne, a ƙarshen wata hanya mai ciyawa a tsakiya. Muka same shi a kicin kusa da murhu, ɗan siririn tsoho da rigar sanyi biyu, rediyo na ba da labarin wasan ƙwallo. Ya dubi Malachy daga sama har ƙasa.

"Wa ya mutu?"

Malachy ya ce, "Ba kowa."

"To saniyata ce ta sake shiga maka? Na sayar da su tun kafin a canza kuɗi."

"Kashe rediyon nan, tsohon banza, ka ga baƙuwa."

Senan ya dube ni, sannan idonsa ya sauka kan akwatin da ke hannuna. Ya kashe rediyon. "Ke 'yar Considine ce. Zauna, yarinya. Wannan akwati na san shi."

Na gaya masa abin da ya kawo ni: ina duba konsatinar ne don a san darajarta, kuma ina so in ji sarewarsa kusa da ita. Ya ce Malachy ya miƙa hannu bisa kabad tunda Allah ya ba shi tsawo bai ba shi komai ba. Malachy ya sauko da wani abu naɗe da tsohon tawul. Baƙar sarewar katako ce mai zobban azurfa, an ɗaure kanta da zare inda ta tsage. Wurin da ake ja a daidaita muryarta ya daskare, ko motsi ba ya yi. Senan ya kai ta bakin famfo ya zuba mata ruwa ta ciki, ya girgiza, ya haɗa gaɓoɓin.

"Ta bushe kamar ni. Huhun ma saura rabi, kada ki sa rai."

Na danna masa sauti ɗaya na riƙe. Ya busa, iska kawai ta fito. Ya lashi leɓe ya sake. A karo na uku sautin ya kama, ya zo ya kwanta a kan nawa luf, ba karo ba rawa, har ba ka iya raba su. Na dubi Malachy. Yana tsaye a jikin ƙofa, ya karkatar da kai.

Ya ce, "Babu kyanwa."

Senan ya ce, "Wace kyanwa kuma?"

Na bayyana masa gwajin da muka yi a shago. Senan ya sauke sarewar ya zuba wa Malachy ido, bakinsa a buɗe.

"Tsaya. Kana nufin ba ka sani ba? Duk Kilmihil sun san kayan Delia tsohon ɗauri ne. Fadan coci ya sani. Mai kawo wasiƙa ya sani. Karen Fada ma ina jin ya sani!"

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ita ta gaya maka. Ta ce mini ta gaya maka."

"Ta faɗa. Ban gane ba."

Senan ya girgiza kai ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. Na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Na ce mata ta kai wa uban yarinyar nan ya sauke ta. Ta ce muryar da ta ji a hannun kakarta ke nan, ba mai sa mata magagari."

Malachy ya ja kujera ya zauna. Ya nuna wani dogon akwati a kan taga. "Waccan fa?"

"Wata sarewar ce, ita nake zuwa mashaya da ita. Sabon ɗauri."

"Ashe kana da wadda ke jituwa da kowa. To me ya sa ka riƙe wannan tsohuwar?"

Senan ya goge bakin sarewar da hannun rigarsa. "Don kada ta yi ta kiɗa ita kaɗai."

Malachy ya daɗe yana kallonsa, shi kuma bai sunkuyar da kai ba. Ni dai ban san abin da ke cikin wannan amsa ba, ban kuma tambaya ba. Can Malachy ya ce, "Maganar shingen nan..."

"Shingenka ruɓaɓɓe ne, har yau ma ruɓaɓɓe ne. Tashi ka ɗora buta, ka san inda take. Yarinya, kin san wannan?"

Ya fara wani kiɗan rawa a hankali, na bi shi. Rabi ya kai numfashinsa ya yanke, na ƙarasa ni kaɗai yana buga ƙafa. Ya ce ina sauri da yawa, Delia ba ta gudu kamar wadda aka biyo. Muka sake. Malachy ya kawo shayi ya zauna har muka gama, bai fita ba. Da muka tashi tafiya sun shiga gardamar wanda ya fara sayen tarakta a ƙauyen.

A mota ya ce in rubuta wa Bernadette farashin biyu yadda na faɗa, in kuma gaya mata ba yanzu ba. Konsatinar ta zauna a wajena. Duk Lahadin da na samu sarari cikin hunturun nan nakan ɗauke ta in bi ta gidan Malachy mu wuce wajen Senan. Wani lokaci a yi kiɗa, wani lokaci ƙirjinsa ya hana, sai su yi ta musu ina sauraro. Na koyi kiɗa huɗu ko biyar a wajensa waɗanda ban taɓa ji a bakin kowa ba, na ɗauke su a waya.

Senan ya rasu da bazara, lokacin da ake fitar da shanu ciyawa. Malachy na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar, duk da an ce masa ya bar wa matasa.

Bayan jana'izar da 'yan makonni ya shigo shago. Na gaya masa akwai wani mai tara tsofaffin kaya a Ingila da ya ji labarinta, yana son ta yadda take, zai ma ƙara a kan abin da na faɗa.

"Zai kaɗa ta?"

"Zai sa ta a gilashi, ina jin."

"A'a. Sauke ta."

Na ce, "Malachy, in na goge harsunan nan ba a mayarwa. Shekara ɗari da ashirin ba wanda ya taɓa su. Delia ma ba ta yarda ba."

"Na sani. Ita tana da dalilinta, kuma ta samu wanda ya zauna da ita. Yanzu babu shi. Duk wadda za ta riƙe ta bayan nan, ba na so ta zauna a kicin ita kaɗai."

Ban ji daɗi ba, na kuma gaya masa. Ya ce ya ji, amma tasa ce. Kafin in fara sai da na ɗauki sautin kowane maɓalli na adana. Harsuna sittin ne, kowanne sai an zare shi, a kankare kaɗan wajen gindinsa, a mayar, a saurara, a sake. Na yi aikin a hankali, 'yan kaɗan a rana, da hasken safe. Kaifin muryar ya ɗan ragu, ba zan ɓoye ba. Zaƙin yana nan.

Wata malamar makaranta daga Kilkee ce ta saya, Aoibheann Keane, bayan ta zo sau biyu ta gwada. Ranar wata Lahadi da rana ta zo da ita mashayar da ake taruwa a nan Kilrush, na ɗauko Malachy. Akwai goge biyu, akodiyon, sarewa, da ita a tsakiya. Ya zauna a gefe da kofin shayi, hannuwansa a kan sanda, yana kallon yatsunta. Da suka tsaya hutawa ya matso kusa da kunnena.

"Daidai take da su?"

"Daidai take."

Ya gyaɗa kai. Ya saurari zagaye ɗaya kuma, sannan ya ce in kai shi gida kafin ruwa ya sauko, ya bar shanya a waje.